Abin da Kaka Ta Kife a Gindin Tsamiya

Kwanakin baya 'yata ta zo hutu daga makaranta. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, sai ta miƙo mini wayarta ta ce, "Baba, dubi ikon Allah." Hotunan laimar kwaɗi ne iri-iri, wata shuɗiya, wata kamar raga, wata kamar yatsun hannu sun ɓullo daga ƙasa. Ta ce wai har gobe masu bincike suna ta gano sababbi waɗanda ba a taɓa raɗa wa suna ba. Na sa tabarau na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina neman wata da na taɓa gani da idona a ƙauyenmu. Ban same ta ba. Na ce mata, "To ki gaya wa masu binciken naki da saura, kakata ta riga su ganin wata." Ta yi dariya, ta zaci wasa nake yi. Ni kuwa ba wasa nake ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ƙauyenmu yana ƙasar Baure, in ka hau babur daga Babban Mutum kafin ƙugunka ya gaji ka iso. Kaka, wato mahaifiyar babana, ita ce ungozomar garin, ita ce kuma mai wankan gawar mata. Kusan duk wanda aka haifa a garin ita ta yanke masa cibi, duk macen da ta rasu kuma ita ta yi mata wankan ƙarshe. A kan wankan gawa ko goro ba ta karɓa, tana cewa wannan guzurinta ne. 'Yar tsamurarriyar tsohuwa ce, baƙa, mai sauri, ga baki kamar aska. Ni jikanta na fari, saboda haka ni ne mijin wasanta. Ina ce mata amarya, tana ce mini maigidan tsiya, haka muke tun ina tatata har na yi gemu.

Tana da aminiya guda, wadda muke kira Iya. A shekara ɗaya aka kawo su garin suna amare, suka yi goyo tare, suka yi takaba kusan tare. In Kaka tana wankan gawa, Iya ce ke riƙe buta tana zuba mata ruwa. Tun kansu bai yi furfura ba suka yi wa juna alkawari cewa wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta, kada wani hannu ya taɓa. Ba ɓoyayyen abu ba ne, duk gari an sani. Ko a kan aron gishiri suka yi cacar baki, sai ka ji ɗaya ta ce, "Ki dai bi ni a hankali, ni zan cuɗa ki."

Abin da zan faɗa ya faru ne a farkon shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ina koyarwa a firamare, ban daɗe da aure ba. Wanda bai ga lokacin ba, ba zai gane yadda gari ya ɗau zafi ba. Masu garaya da 'yan bori suka tattara nasu ya nasu suka tsallaka iyaka, masallaci ya riƙa cika har waje, mata suka koma islamiyya da tsufansu, har da Kaka, wai za ta gyara Fatiharta. Alheri ne mai yawa, ban musa ba. Amma an kuma sami masu sa ido, waɗanda in suka ga laya a wuyan jariri sai gari ya ji. Babana kuwa shi ne ladan, saboda haka gidanmu ne gidan da ko tari aka yi sai an ce me ya faru.

Kaka tana da 'yar gayauna yamma da gari, tana zuba kuɓewa da yakuwa da ɗan gyaɗa. A ƙarshen gayaunar akwai tsohuwar tsamiya, a gindinta kuma suri ya tashi ya kai ƙirjin mutum. Ba sai na gaya wa Bahaushe abin da ake faɗa a kan tsamiya da suri ba. Ko da hantsi ne mutane ratsewa suke yi suna bisimilla. Ita kuwa da marka ta kankama, gari na wayewa za ta ɗau ƙwarya da faifai ta nufi can. Ta dawo da ƙwaryar a rufe, ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta hura ɗan murhunta, ta ɗora wata 'yar tukunya da ba ta fi ta mutum ɗaya ba. Can sai ƙamshi ya fito kamar ana dafa kaza. Tun ina yaro nake jin ƙamshin nan. In na leƙa na ce, "Amarya, kazar wa kika sata?" sai ta ce, "Ta ubanka, ja'iri. Mijin da bai taɓa kawo cefane ba shi ne zai tambayi tukunya?" Duk mun ɗauka maganin sanyin ƙashi take dafawa. Tsofaffin kasake da tukwanen da suka tsage ma ba ta bari a yar, kwashe su take ta kai gayauna, ba wanda ya taɓa damuwa ya tambaye ta dalili.

A daminar da nake magana Iya ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi shiga. Safe da yamma Kaka tana can da kwanon kunu. Ɗan Iya kuwa gonarsa ta yi iyaka da gayaunar Kaka. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, sai dai yana da saurin yanke hukunci, yana kuma cikin waɗanda suka fi ɗaukar zafi a lokacin. Wata safiya yana yankar wa tumakinsa ciyawa a kan iyaka, sai ya hango tukwane da kasake a kife sun kewaye surin. Ya matsa, ya sa bakin lauje ya ɗaga ɗaya. A ƙarƙashi ga wasu ƙwai farare rabinsu a binne, a tsakiyarsu kuma wani abu ya tsaya ja jawur, mai rassa kamar zankon zakara, yana wari kamar mushe. Kafin ya ja da baya ƙudaje sun yanyame shi. Ya bar laujen a wurin ya yi gari.

Kai ma mai karatu, tsakaninka da Allah, in ka ga haka me za ka ce? Tsamiya, suri, tukunya a kife, ƙwai, ga abin da ya yi kama da kan jan zakara. Ni kaina da ban san Kaka ba, da abin da zan ce ke nan. Kafin azahar magana ta gama gari, wai uwar ladan yanka take yi wa iskoki. Aka sami masu cewa ai dama, in ba da wani abu ba, ta yaya mace za ta shekara da shekaru tana juya gawa ko gezau? Wasu marasa ta-ido har suka ce ciwon Iya ma a bincika.

Da yamma Kaka ta dama kununta kamar kullum. Ba wanda ya iya gaya mata abin da ake ciki. Na bi bayanta, wai zan gaida Iya, alhali tsoron abin da za ta tarar nake. Muka tarar da ɗan Iya a tsaye ya cika ƙofar zaure. Bai ko durƙusa ba. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri ki koma da kununki. Na ga abin da ke gindin tsamiya. Maganar wanka kuma da kuke yi ke da Iya, in ta Allah ta kasance, za mu sami mai yi." Kaka ta dube shi tun daga ƙafa har kai, ta ce, "Ni na yanke maka cibi." Ta juya. Wallahi ranar na ji haushin da ban taɓa ji ba, don dai ya girme ni ne kawai na riƙe bakina. Muka taho tana gaba ina baya, kunu yana zuba mata a zane ba ta ma sani ba.

Babana ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, don Allah me ke ƙarƙashin tukwanen nan?"

Ta ce, "Abin da ke ƙarƙashinsu."

"Mutane suna magana."

"Baki gare su. In kai ma zaton kake yi, tashi ka je ka kira sallarka ka bar ni."

Ya tashi ya nufi masallaci. Kiran magaribar ranar, duk wanda ya san muryarsa ya san ba lafiya ba.

Kashegari ba ta fito ba, ba ta kuma taɓa tuwon da matata ta kai mata ba. Na shiga na zauna a bakin gadonta na ce, "Amarya, in bori kika koma ki gaya mini in sayo garaya, ni in kaɗa ke ki hau, mu riƙa samun na cefane." Ta jefe ni da mafici. Dariya ta so ta ƙwace mata, sai kuma na ga hawaye. Ban taɓa ganin hawayen Kaka ba sai ranar, ita da ke shiga gidan mutuwa ta fito idonta a bushe. Ta share da gefen mayafi ta ce, "Gobe ka tashi da wuri ka zo ka ga tsiyar da matarka ke yi. Amma in ka faɗa wa wani, ban yafe ba."

Muka tafi da sassafe, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Ba zan ɓoye ba, da muka doshi tsamiyar na karanta duk abin da na haddace. Ita ko a jikinta. Ta tsuguna ta ɗaga wani kasko, sai ga laimar kwaɗi farare tas, masu ƙiba, kowace da ɗan tsini a ka. Ta sa tsinken itace ta tona gefen guda a hankali, ta jawo ta da wata doguwar saiwa da ta fito daga can cikin surin, ta kakkaɓe ta sa a ƙwarya.

Na ce, "Magani kike yi da su?"

Ta ce, "Ci nake yi."

Na ja da baya. Yaran yanzu da ke ganin ana cinta a talabijin ba za su gane ba. A wurinmu laimar kwaɗi ƙazanta ce, abin kan juji da bayan ɗaki, ko taɓawa yaro ya yi sai an wanke masa hannu da toka. Na ce, "Haba Kaka! Ashe kazar ke nan?"

Ta ce, "Ita ce, kuma ta fi kazar gidanku daɗi." Nan ta ba ni labari tana tona tana magana. Tana amarya kakana ya tafi da ita fataucin kanwa ƙasar Gwari, damina ta tsare su a can. Wata Bagwariya maƙwabciyarta ita ta koya mata. Ta nuna mata cewa na suri ake ci, mai doguwar saiwa, ta kuma ja mata kunne cewa akwai masu kama da shi da ke kashe mutum har lahira, wanda ba ta sani ba kada ta kai shi baki. Da suka dawo gida, wata damina ta ga irinsa ya fito a surin nan. Ta kawo, suka rufe ƙofa ita da kakana suka ci, suka yi ta yi wa juna dariya. Haka suka riƙa yi duk shekara. Tukwanen kuwa don rana ne da zabin mutane, da kuma ido. Ta ce, "Tun da ya tafi nake ci ni kaɗai. In na ɗora 'yar tukunyar nan, ji nake kamar yana zaune a bakin gado yana cewa gishiri bai ji ba."

Sai na nuna tukunyar da ɗan Iya ya ɗaga na ce, "Wancan fa?"

Ta ce, "Oho. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin irinsa ba, ko a ƙasar Gwari. Bana ya fito. Na ga ƙwai a ƙasa, na ce bari in rufe in ga abin da za su ƙyanƙyashe. Laifina ke nan, son gani."

Ta ɗaga. Wanda ɗan Iya ya gani ya yanƙwane ya faɗi, amma wani sabo ya fasa ƙwansa ya miƙe. Na toshe hanci na tsuguna. Jikinsa fari-fari ne mai huji-huji kamar soso, tsawonsa bai wuce taƙi ba, a kansa rassa ja sun barbaje, da wani baƙin yauƙi a tsakaninsu, shi ne mai warin. Kyau kam yana da kyau, wari kuma ba a magana. Na daɗe ina kallo har na manta da tsamiya a kaina.

Na ce, "To ai shi ke nan, ki faɗa musu."

Ta ce, "In faɗa musu me? In ce ni, da girmana, laimar kwaɗi nake ci? Ni da nake dama wa masu jego kunun kanwa? Wace mace za ta ƙara shan abu daga hannuna? A yi ta yi da ni har tattaɓa-kunne?"

"Gara a ce miki mai tsafi?"

"Allah ya san ba na yi."

Na ce, "Allah ya sani, amma ba a barinki ki shiga wurin Iya."

Ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta mai da kasake yadda suke, muka dawo gida. Na riƙe alkawarin da na yi mata, ko matata ban gaya wa ba, amma abin yana damuna.

Aka kwana biyu a haka. Aka yi haihuwa a unguwar gabas, aka je wani ƙauye aka ɗauko ungozoma, Kaka ta ji ta ce Allah ya raya. Wannan bai karya ta ba. Abin da ya karya ta, wata suruka daga gidan Iya ta zo ɗibar wuta ta tsegunta wa matata cewa jikin Iya ya yi tsanani, ko ruwa sai an matsa mata, kullum kuma tambayarta ɗaya, ina ƙawarta. Sun ce mata zazzaɓi take yi. Matata ba ta iya riƙe magana ba, ta kai wa Kaka da zafinta. Ina tsakar gida na ga ta fito tana ɗaure zane tamau a ƙugu. Ta ce, "Maigidan tsiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Je ka gaya wa ubanka ya gaya wa Liman, gobe in an sallame asuba ina gayyatarsu gindin tsamiya. Duk mai son gani ya zo, har da wancan mai laujen."

An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Kusan duk sahun asuba ya biyo mu, da mata daga nesa suna leƙe ta cikin gero. Limaminmu tsoho ne mai sanyin hali, ba ya gaggawa ko a tafiya. Jama'a suka yi cirko-cirko can nesa da surin, shi kaɗai ya matso, sai babana, sai ni. Kaka ta ɗaga tukunyar. Allah da ikonsa wani sabo ya fito, ya ma fi na baya ja. Aka ɗau a'uzubillahi ta ko'ina. Liman ya rufe hanci da bakin rawani ya tsuguna yana dubawa. Kaka ta tono ƙwai guda, ya fito da wata 'yar saiwa fara kamar zare a gindinsa. Ta miƙa wa ɗan Iya ta ce, "Ungo, kai ka gano." Ya mai da hannuwansa baya.

Liman ya karɓa, ya ce a ba shi wuƙa, ya yi bisimilla ya raba shi biyu. Babu ɓawo, babu gwaiduwa, sai wani yauƙi mai kauri, a tsakiya kuma ga ɗan jan abin nan a dunƙule yana jiran ranarsa. Ya ɗaga kowa ya gani. Ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin kazar da ke yin ƙwai da saiwa ba. Jama'a, wannan tsiro ne." Ya tambayi tsofaffin da ke wurin ko akwai wanda ya san sunansa. Babu. Ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Ashe a bayan gidanmu ma akwai abin da ba mu taɓa gani ba."

Na yi ajiyar zuciya, na ce shi ke nan, Kaka ta tsira da sirrinta. Sai ɗan Iya ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan bana ya fito. To sauran tukwanen fa? Kuma shekara da shekaru me take zuwa ɗauka a ƙwarya a rufe?" Raina ya ɓaci, amma in za a faɗi gaskiya tambayarsa tana kan hanya.

Kaka ba ta dube shi ba. Ta bi kasaken nan tana ɗagawa, tana tono fararen tana zubawa a ƙwarya, a gaban kowa, ba ta gaggawa. Da ta gama ta miƙe ta dafa ƙugu ta ce, da ƙarfi yadda matan cikin gero za su ji, "Wannan ci nake yi. Da daddawa da barkono da ɗan man gyaɗa. Ni da marigayi muka fara, tun ba a haifi yawancinku ba. Mai dariya ya yi yanzu, ina da wurin zuwa."

Sai wani ya ce, "Laimar kwaɗi?" Wani ya tofar da yawu. Sai dariya ta ɓarke daga wajen mata, ta kama maza. Na dubi babana, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa, yana dariya hawaye na zuba a gemu. Kaka tana tsaye ƙyam da ƙwaryarta. Ban taɓa jin ina alfahari da mutum kamar yadda na ji a lokacin ba.

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce mata, "Yana sa maye?"

"A'a, Malam."

"Ya taɓa kayar da ke?"

"Ga ni a tsaye."

Ya ce, "To ni ban san abin da ya haramta shi ba. Sai dai kada yara su ji su je su tsinko na kan juji." Ta ce na juji kisa yake yi, kowa ya ji da kunnensa, wanda ya ci ba da yawunta ba. Liman ya juya wajen ɗan Iya ya ce, "Kai kuma, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle bai zama ba." Kaka ta ce in ta dafa za ta aiko masa da nasa. Ya yi saurin cewa, "A'a, a'a, na gode, cikina ba ya son baƙon abu."

Ranar a tsakar gida ta dafa, a murhun kowa da kowa, yara sun kewaye ta suna toshe hanci na ƙarya. Da ta sauke ta zuba mini a murfin kwano ta ce, "Ci, in miji ne kai." Na rufe ido na kai loma. Jama'a, an cuce mu shekara da shekaru! Kamar tsokar ƙirjin kaza, har ta fi laushi. Na miƙa murfin na ce a ƙara, ta ce in je in tambayi uwata.

Ta juye sauran a kwano, ta ɗora ɗan tuwo mai laushi a kai, na ɗauka muka nufi gidan Iya. Ɗan Iya yana zaure. Yana ganinmu ya zube ƙasa ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Matsa, miya tana hucewa."

Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin na gaida Iya. Ta rame ƙwarai, muryarta kamar daga rijiya. Ta ce wa Kaka, "Sai yau? An ce zazzaɓi kike." Kaka ta zauna a gefen tabarma ta kwashe labari ta faɗa mata, tun daga lauje har cikin Liman da ba ya son baƙon abu. Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, aka ɗaga ta aka jingina. Da ta sami numfashi ta ce, "Amma ke muguwa ce. Shekara nawa ina jin ƙamshin nan a zanenki, ina cewa a raina kaza kike ci ba ki sam mini? Miƙo nan." Ta ci 'yan lomomi da hannun Kaka. Surukanta suka ce rabonta da tuwo har sun manta.

Tsokana kam an yi ta. Har ta bar duniya ana ce mata mai laima, yara in sun ga hadari sai su ce ta ara musu guda. Wasu matan suka ɗan ja baya da kununta, har ranar da wata naƙuda ta zo da gardama aka zo a guje ana buga mana ƙofa, daga nan aka manta. Ita kuwa sai na ga kamar an sauke mata kaya. Ta daina turo ƙofa in za ta yi girkinta. Matata ta koya, ni na zama abokin ci, babana dai har ya rasu bai taɓa ba. Jan abin nan ya ƙara fitowa jefi-jefi har ruwa ya ɗauke, mutane suna zuwa kallo daga ƙauyukan kusa. Da damina ta zagayo muka yi ta dubawa, bai fito ba, bai kuma sake fitowa ba har yau. Lokacin ba mai wayar ɗaukar hoto a garin, sai dai wanda ya gani ya gani.

Iya ta ɗan farfaɗo, har tana fitowa rana. Ta kai har aka yanke gero. Wata safiya da hantsi muna karyawa, aka yi sallama, sai ga ɗanta ya shigo har tsakar gida, ya durƙusa a ƙofar Kaka ya ce, "Inna, Iya ta cika. Ke ake jira." Kaka ta yi salati. Ta ajiye ludayinta, ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙullin garin magarya da turaren da ta daɗe da ajiyewa, ta yafa mayafi ta wuce gabansa. Matarsa ce ta riƙe mata buta.

Bayan an kai Iya an dawo, na same ta zaune a kan turmi a inuwar ɗakinta, gefen zanenta bai gama bushewa ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita, ban yi tsokana ba. Ta ce in miƙo mata sauran furarta ta safe. Ta sha, ta goge baki, ta yi hamdala. Ta ce, "Na cuɗa ta tas, yadda na ce zan yi." Ta juya ludayin a cikin ƙwarya, sannan ta ce, "Ja'ira, kullum sai ta riga ni. Ga shi ta bar ni da neman mai wanke ni."